Sutura da Jinya: Kayan Gwanjo a Rayuwar Majinyaci a Ƙasar Ka'oje

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan tufafi, sun kuma yi a kan cuta da magani, amma galibi sukan raba su gida biyu kamar babu abin da ya gama su. Mai nazarin tufafi yakan tsaya a kan rigar sarauta da kayan lefe da adon salla, watau tufafin mai lafiya a ranar farin ciki. Mai nazarin magani kuwa yakan bi boka da wanzami da ungozoma, ya bar majinyaci kwance bisa tabarma kamar ba ya sanye da kome. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba mahaɗar abubuwan biyu: abin da mutum yake sawa idan ciwo mai tsanani ya daɗe a jikinsa, da inda yake samunsa, da dalilin da ya sa yake kula da zaɓensa alhali kuwa yana fama da abin da ya fi tufafi girma. An ɗauki ƙasar Ka'oje don yin misali, domin tana bakin hanyar da kayan gwanjo suke bi su shigo ƙasar Hausa.

Ka'oje da hanyar gwanjo

Ka'oje gari ne a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, cikin masarautar Gwandu, a ƙetaren kogin Kwara. Wanda ya taso daga Bagudo sai ya haye gadar Tuga kafin ya isa, in ya zarce kuma ya faɗa Tsamiya, daga nan sai ƙasar Segbana ta Jamhuriyar Benin. Fulani da Hausawa da Bargawa da Dandawa da Kyangawa ne suke zaune a wannan yanki, Hausa ce kuma harshen ciniki a tsakaninsu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta tsaga ƙasar Bargu biyu, ta bar Nikki a hannun Faransa, Busa da Illo a hannun Ingila. Kafin wannan rabo, ta Bargu ne ayarin fatake suke ratsawa zuwa Gwanja ɗauke da baƙin rini da rigunan saƙi na ƙasar Hausa, su komo da goro. Watau a wancan zamani tufafi daga gabas suke fita su nufi yamma. Yanzu kuwa daga yamma suke shigowa.

Dalilin haka a fili yake. Dokar kwastan ta Nijeriya ta sanya tufafin da aka riga aka yi amfani da su cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, Benin kuwa ba ta hana ba. Saboda haka sai a sauke diloli a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kowace mai nauyin kilo 45 ko 55, wasu a fasa su a kasuwar Misebo ta cikin birnin, wasu a hau da su arewa ta Faraku da Kandi har Malanbil, tafiyar fiye da kilomita 700. Daga waɗannan garuruwa ne suke tsiyayowa ƙetaren iyaka a babur da kwalekwale, su watsu cikin kasuwannin mako. Mutuwar masaƙun Kaduna ta ƙara buɗe musu fili: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, UNTL kuma ta rufe a 2007. Rufe iyakokin Nijeriya a watan Agusta na 2019, da faɗuwar darajar naira a gaban sefa daga watan Yuni na 2023, sun tsadantar da dila ƙwarai, amma ba su raba talaka da ita ba, domin sabon yadi da kuɗin ɗinki su ma ba su tsaya inda suke ba.

Kalmar sutura

Kafin a shiga batun majinyaci, ya kamata a tsaya a kan kalma guda, domin a cikinta ne asirin maganar yake. Hausa tana da kalmar tufa, jam'inta tufafi, wadda ba ta nufin kome sai abin da ake sawa a jiki. Tana kuma da kalmar sutura, wadda ta aro daga Larabci, daga tushen s-t-r mai ma'anar rufewa. Ita wannan kalma ta biyu aiki uku take yi. Idan an ce wane yana da sutura, ana nufin yana da tufafi na kirki. Idan an ce Allah ya suturta wane, ana nufin ya rufa masa asiri, bai bari an ga kasawarsa ba. Idan kuma an ce an yi wa wane sutura, to, ya rasu ke nan, an yi masa wanka da likkafani an kai shi makwancinsa.

Mai lafiya ma'ana ta farko kaɗai yake ji idan an ambaci kalmar. Majinyacin da ya daɗe kwance kuwa duka ukun suna kewaye da shi: yana bukatar ta farko don ya samu ta biyu, yana kuma sane da cewa masu shigowa duba shi suna auna kusancinsa da ta uku. Wannan shi ne dalilin da ya sa kuskure ne a ɗauki kulawar majinyaci da tufafinsa a matsayin son ƙawa ko rashin sanin abin da ya kamata.

Abin da ciwo yake yi wa riga

Ciwo mai tsanani yana sauya girman jiki, tufafi kuwa ba sa bin sa. Tarin fuka da sankara da ciwon sukari da ba a kula da shi ba suna zubar da jiki. Ciwon ƙoda da na hanta da na zuciya suna kumbura ciki da ƙafafu, har takalmi ya ƙi shiga. Hausa tana da kalmomi masu yawa na wannan hali, kuma abin lura shi ne da yawansu ta bakin tufafi suke magana. Akan ce ya rame, ya zube, ya faɗa, ya ƙanjame. Amma akan kuma ce riga ta yi masa yawa, yana iyo a cikin riga, hula ta faɗa masa har kunne, ya zama tsumma. Riga ce ma'aunin da jama'a suke karanta ciwo da shi, tun kafin likita ya ɗora mutum bisa sikeli.

A nan tufafin gargajiya suna da wata falala da ba a cika ambata ba, watau ba su da awo tsayayye. Babbar riga ba ta san mai ƙiba da siriri ba, wando mai zariya ana ƙara ɗaure shi, zane kuma ƙara naɗa shi ake yi. Dattijon da ya zube zai iya zama cikin babbar rigarsa a zaure ya karɓi gaisuwa, ba a ga kome ba sai wuya da hannuwa. Amma kaftanin zamani da ake yanka wa kafaɗa daidai, da riga da siket na mata da ake ɗinkawa su kama jiki, ba su da wannan haƙuri. Da zarar jiki ya sauya sai su tona asiri. Kuma tun da irin wannan ɗinki ya rinjayi na da a wajen samari da 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya, su ne ciwo ya fi tsiraitawa.

To, me zai hana a kai wa tela ya rage? Amsar tana cikin al'adar awo. Telan mutum ya san faɗin kafaɗarsa da na ƙugunsa, sau da yawa ma yana da su a rubuce cikin littafi. Zuwa a sake awo furuci ne, kuma shagon tela majalisa ce. A ƙaramin gari irin Ka'oje, inda kowa ya san kowa, rigar da aka aika a rage mata inci huɗu ta riga ta ba da labari kafin a karɓo ta. Nauyin wannan labari ya ƙaru tun daga shekarun 1990, lokacin da aka laƙaba wa cuta mai karya garkuwar jiki sunan ƙanjamau, sunan da aka ciro daga ƙanjamewa. Da harshe ya ɗaure cutar da rama, sai duk wanda ya rame ya shiga zargi, ko da tarin fuka ne ko sankara ke cin sa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya da 'yan jarida da dama suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki, amma sunan farko bai bar bakin jama'a ba. Tulin gwanjo kuwa ba ya awo. Akan ɗaga riga a kara a jiki, ko a aiki yaro ya kwaso uku a gwada a ɗaka a mayar da biyu, babu wanda ya rubuta kome.

Aro, kwance, gado, gwanjo

Hausa ta bambanta tufar da wani ya taɓa sawa bisa ga hanyar da ta zo hannun mai ita, kuma kowace hanya da irin matsayin da take ba shi. Ta aro mayar da ita za a yi, shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ta gado ta mamaci ce sananne, duk wanda ya gan ta ya tuna shi. Kwance kuwa ita ce wadda babba ya tuɓe ya ba na ƙasa da shi: uban gida ga baransa, wa ga ƙanensa, uwar ɗaki ga 'yar ɗakinta. Kwance alheri ce, amma alheri mai shaida. Tun zamanin da sarakuna suke tufatar da barorinsu, wanda ya sa rigar wani ya amsa cewa yana ƙarƙashinsa, kuma mutanen gari sukan gane ta su ce, "Ai rigar wane ce."

Gwanjo ya fita daban da waɗannan uku ta fuska biyu. Ba a san mai shi na farko ba, sa'an nan da kuɗi aka saye shi, kome ƙanƙantarsu. Ita kanta kalmar tana nuni da ciniki, domin har yanzu akan ce an yi gwanjon kaya idan an sayar da su a bainar jama'a ga wanda ya fi tayi, ko an karya farashinsu. Sunayen da wasu al'ummu suka ba waɗannan kaya suna bayyana abin da kowace ta hango a cikinsu. Mutanen kudancin Nijeriya suna cewa okirika, da sunan garin Okirika na bakin teku. A Gana akan kira su da abin da ke nufin tufafin mataccen Bature. A Zambiya kuwa salaula ake cewa, watau tona tuli a zaɓa, kuma da wannan suna ne Karen Tranberg Hansen ta kira littafinta na shekarar 2000 a kan wannan ciniki.

Wannan zaɓi shi ne abin da ya fi muhimmanci ga majinyaci. Mai doguwar jinya mutum ne da aka karɓe wa kusan kowane hukunci. Wani ne yake yanke abin da zai ci, da asibitin da za a kai shi, da dabbar da za a sayar don a biya magani. Kome karɓa yake yi, yana godiya. Idan a kan wannan aka ƙara masa kwancen ɗan'uwansa, to, an tufatar da shi, amma an ƙara masa bashin godiya, an kuma rataya masa shaidar halin da ya shiga. Rigar gwanjo da ya nuna da yatsansa ya ce ita yake so, shuɗiya ba ja ba, mai wuya ba marar wuya ba, tana cikin 'yan abubuwan da suka rage masa na ikon kansa. Masu jinya da suka san aikinsu sun fahimci wannan. Ba sa sayowa su miƙa, sai su sa dillaliya ko ɗan gwanjo ya kawo kaya har gida a baje a gaban mai ciwo.

Akwai wani ɓangare na wannan ciniki mai ɗaci. Sau da yawa majinyaci ya riga ya zama mai sayarwa kafin ya zama mai saye. Dukiyar mace ta farko a ƙasar Hausa tana cikin akwatinta: turamen atamfa na lefe da ba a ɗinka ba, da leshi, da mayafai. Su ne kuma sukan fara fita ta hannun dillaliya idan an ce a tafi Birnin Kebbi ko Sakkwato, domin sayar da su ya fi sayar da gona sauri, ya kuma fi shi sirri. Matar da ta fitar da turmi uku don kuɗin mota da na gwaji, da ɗan canjin da ya rage ne za a sayo mata doguwar rigar gwanjo da za ta kwanta asibiti da ita.

Abin da ake nema a cikin tuli

Ba kome majinyaci yake ɗauka daga gwanjo ba. Abin da ɗinkin gida bai tanada ba shi ake nema: rigar sanyi, da safa, da hular ulu, da bargo, da tawul, musamman a watannin hunturu da sanyin bakin kogi yake shiga ƙashi. Mai tarin fuka yana jiƙa riga da gumin dare, don haka yana bukatar 'yan shara na auduga da yawa da za a riƙa sauyawa. Wanda ake yi wa wankin ƙoda ko ƙarin ruwa yana bukatar hannun riga mai naɗuwa. Matar da aka yi wa aikin sankarar mama tana neman riga mai maɓallai a gaba, mai faɗin hannu, domin ɗaga hannu yana yi mata wuya kuma hannun yakan kumbura. Idan maganin da ake ɗura mata ya zubar da gashi, ɗankwali da hijabi sun riga sun rufe wannan, abin da matan wasu ƙasashe sai sun nemi gashin kanti.

Misalin da ya fi kowane nauyi shi ne na mai yoyon fitsari, cutar da doguwar naƙuda take jawowa, wadda ake yi wa aiki a cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi. Ita wannan baiwar Allah tufafi ne rabin jinyarta. Tana bukatar zannuwa masu yawa, masu duhun launi da ba sa nuna laima, masu jure wanki kullum, da tsummokaran auduga masu tsotse ruwa, da turare. Zanen gado da tawul na gwanjo da ake yayyankawa su ne suke ba ta damar zama cikin mutane na ɗan lokaci. Duk da haka akan ga irin waɗannan mata sun keɓe zane ɗaya mai kyau da ɗankwalinsa, ba sa taɓa shi sai ranar ganin likita ko ranar da aka ce dangi za su zo.

Wannan keɓewa tana da nasaba da al'adar dubiya. Majinyacin Bahaushe ba ya kwanciya shi kaɗai. Maƙwabta da dangi da abokan sana'a suna shigowa rukuni-rukuni. Gaisuwar kuwa tsararriya ce. A ce, "Sannu Baba, ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi," ko da kuwa babu sauƙin. Tun da baki ba shi da izinin faɗin gaskiyar hali, sai ido ya nemo ta a wani wuri, watau a fuska da tufafi da shimfiɗa. Da an fita ƙofar gida za a yanke hukunci: ko a ce jiki ya yi kyau, ko a ce sai addu'a. Hukuncin kuma ba a kan mai ciwo kaɗai yake faɗawa ba. Majinyaci cikin dauɗa abin kunya ne ga matarsa da 'ya'yansa, domin za a ce an yasar da shi. Saboda haka wankakkiyar riga da hula zaunanniya suna kare mutuncin gida gaba ɗaya.

Tsoro biyu

Akwai masu ƙyamar gwanjo bisa zaton cewa kayan matattu ne, ko suna ɗauke da cutar masu su na farko. Mafi yawan kayan nan kuwa rarar tufafi ne da mutanen Turai da Amurka da Asiya suka gaji da su suka bayar, kamfanoni suka tantance suka ɗaure. Abin da tufa take iya ɗaukowa shi ne cututtukan fata irin su ƙazuwa da makero, da kuma ƙwarƙwata, kuma wanki da ruwan zafi da shanya a rana da guga suna maganinsu. Wannan wanki wajibi ne ga wanda ciwo ko magani ya raunana garkuwar jikinsa. Amma tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, sankara ba a ɗaukarta daga wani, cuta mai karya garkuwar jiki kuma ba ta bin riga. Abin takaici shi ne wannan zato yakan juyo kan majinyacin kansa: a ware masa kayansa, a ƙi haɗa su da na gida wajen wanki, dillaliya ta ƙi karɓar zanensa idan labarin ciwon ya fita.

Tsoro na biyu shi ne wanda ya cancanci a ji, kuma ba a cika jin sa ba. Suturar da take kare mutunci ita ce kuma take ɓoye ciwo ga wanda zai iya magance shi. Likitocin da suke duba masu sankarar mama a manyan asibitocin Arewa, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato inda ake gashin sankara, sun daɗe suna kukan cewa galibin mata ba sa zuwa sai ciwo ya yi nisa. Talauci da nisan hanya suna cikin dalilai, amma kunya ma tana ciki, kuma mayafi yana ba kunya wurin ɓuya: ƙullutun da aka rufe wata goma, ko uwar da ta haifi mai shi ba ta gani ba. Haka saurayin da yake ƙara rigar sanyi a ƙarƙashin kaftani don kada a ga ramarsa, yana tari cikin ɗakin da ƙannensa suke kwana, alhali maganin tarin fuka kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, na wata shida, kuma yaɗuwar cutar takan ragu ƙwarai cikin makonnin farko na shan magani. Al'ada ta koya wa mutum wanda zai rufe wa jikinsa, watau baƙo da maƙwabci da suruki, amma ba ta fayyace masa wanda ya wajaba ya buɗe wa ba. Ma'aikaciyar lafiyar da ta san garin takan gane wannan, shi ya sa ba ta yarda da kyan shiga. Takan kai mace bayan labule, ta kuma ɗora saurayi bisa sikeli bayan ya tuɓe rigar sama.

Idan Allah ya kawo sauƙi, jiki yakan dawo kafin dukiya ta dawo. Akan ce wane ya murmure, ya mayar da jiki, sai rigunan jinya su yi masa kaɗan, tsofaffin nasa su sake zama daidai in ba a sayar da su ba. Kayan jinyar kuwa ba safai ake ajiye su ba. Akan wanke su a ba almajirai ko wani mai ciwon, su tashi daga gwanjo su zama kwance. Turamen atamfar da suka fita ta hannun dillaliya kuwa sai a hankali ake mayar da gurbinsu, turmi ɗaya bayan kaka, wani bayan an sayar da ɗan akuya.